Kujerar gaba a filin kokowa: kuɗin inuwa kawai na biya

Duk wanda ya ce maka layin farko na cikin rumfa shi ne wurin kallon kokowa, ka tambaye shi kaye nawa ya gani da idonsa. Na sayi tiken kujerar nan a nan Damagaram, abin da na samu inuwa ce da wurin jingina baya.

Da'irar kokowa zagaye take da buhunan rairayi, kujerar gaba kuwa kusan daidai take da ƙasa, saboda haka idonka a kwance yake tafiya. Muddin ƴan kokowa suna tsaye suna neman kamu, lafiya lau, har layun da ke damtsensu kana ƙirgawa. To amma kokowa a ƙasa ake yanke ta. Karon da ya ɓata mini rai, an daɗe ana riƙe da juna, sai ɗaya ya ɗauki ƙafa ya tura abokin karawarsa har bakin buhunan can ɗaya gefen. Alƙalin tsakiya ya sunkuya ya ba mu baya. Masu hoto biyu suka durƙusa a gabanmu, mai bidiyo ya biyo su, wani kuma ya fito da gorar ruwa ya tsaya ƙyam. Sai ji muka yi fili ya ɗauki ihu, kiɗa ya sauya. Gwiwa ce ta taɓa ƙasa, ko hannu, ko an fita da'ira kafin a faɗi? Layinmu kaf babu wanda ya sani. Wani dattijo da babbar riga ya waiwaya yana tambayar yaran da ke kan matakala, “Samari, wa aka kayar?” Suka ce, “Baba, ai an gama tun ɗazu.” Masu tike mai rahusa su ne suka ba masu kujera labari. Haba!

Wurin kallo na gaskiya yana tsakiyar matakalar siminti, kamar hawa na biyar zuwa na takwas. Daga nan idonka ya haye kan masu hoto da buhunan, kana ganin da'irar duka, kana ganin gwiwa lokacin da ta sauka. Kada kuma ka zarce can ƙololuwa: kamu ba ya bayyana daga nesa, iska ta fi ƙarfi, kuma nan ne waɗanda suka makara suke cunkushewa a tsaye. Ka guji bakin ƙofar shiga, don masu ruwan leda da masu gyaɗa ba sa daina giftawa. In a rumfa za ka zauna, kafin ka ajiye jiki ka dubi tsakiyar da'ira, ka tabbata ginshiƙi bai raba maka ita biyu ba.

Sai maganar rana da iska, wadda mutane ba sa lissafi da ita sai ido ya yi ja. Gasar takobi, wato gasar kokowa ta ƙasar Nijar da ake ba zakaranta takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975, tana zagaya jihohi takwas, kowace jiha da ƴan kokowa 10, kuma a shekarun nan a ƙarshen Disamba ake yin ta, tsakiyar hunturu. A lokacin rana tana faɗuwa ne ta kudu maso yamma, iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas take busowa. Wanda ya zauna gabas da la'asar, rana ce a idonsa, inuwar mutane kawai zai riƙa gani. Wanda ya gudu kudu maso yamma don rana ta koma bayansa, shi kuma duk ƙurar da ƴan kokowa suka tayar a fuskarsa take sauka. Mafita ita ce yamma, ka ɗan karkata arewa. Kokowar safe kuma ka juya lissafin, ka nemi gabas. Rawani ko ƙyallen rufe hanci bai zama ado ba, kuma ka riƙo kwali ko dardumar salla, don simintin da safe sanyi, da rana zafi.

Ban ce kujerar rumfa ba ta da amfani ba. Ga dattijo mai ciwon baya, ko wanda ya zo da yara, babu kamarta. Kirari kana jin sa kalma-kalma, ƴan cali-cali a gabanka suke kwaikwayon ƴan kokowa, ba turereniya, ba wanda zai tako ka in an yi kaye. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne, domin wanda ya zauna cikin magoya bayan jiha ɗaya ya san da zarar nasu ya yi kaye kowa zai miƙe, kuma ba za a zauna ba sai an kira karo na gaba. Kusa da makaɗa ma haka, daɗi na minti goma, sauran wunin kunne na ƙara.

Sai dai ko wannan jin daɗin ba shi da tabbas. Kujerun ba lamba, ka tashi sallar la'asar ka dawo ka tarar da wani a kai, hularsa a gwiwa, yana ce maka ai bai ga kowa ba. Ana cikin haka manyan baƙi suka iso da tawagarsu, aka jero sababbin kujeru a gabanmu, layin farko ya koma na uku, rawuna suka tare sauran abin da ake gani. A garin Langa-Langa, shahararren ɗan kokowar Damagaram, a ce mutum ya biya kuɗi mafi tsada sannan ya koma gida ya nemi kayen a WhatsApp! Ranar ƙarshe ta takobi ma ba a magana, in ba ka shiga tun kafin azahar ba, hawa na biyar ɗin ma sai dai ka hange shi.