Firefox ESR, Pale Moon ko Supermium: wanne tsohuwar kwamfuta za ta iya ɗauka?

Malam, ka ce laptop ɗinka 'yar Beljiyam ce, Core 2 Duo, RAM 2GB, Windows 7, kuma da ka buɗe tab uku ko huɗu a Chrome sai fanka ta hau kuka, linzami ya tsaya cak. Wasu sun ce ka sauya burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, ka koma Opera, wani ya ce Pale Moon, wani kuma Supermium. Ni abin da zan ce ka sa shi ne Firefox ESR 115, wato Firefox ɗin da ake daɗewa ana yi wa gyara, ka ɗora masa uBlock Origin, ɗan ƙarin da ke tare tallace-tallace. Amma bari in ajiye su kusa da juna, don irin aikin da kake yi zai iya sa ka zaɓi daban.

Mu fara sallamar Opera. Masu ba da wannan shawarar Opera Mini na waya suke tunawa, wanda ya rufa wa mutane asiri zamanin ƙananan Nokia. Abin da ya sa Opera Mini sauƙi shi ne kwamfutocin kamfanin ne ke buɗe shafin, su matse shi, sannan su turo wa wayar. Opera na kwamfuta ba haka yake aiki ba. Tun 2013 ya koma kan injin Chromium, wato injin da Chrome ke tafiya a kai. Edge na yanzu da Brave duk haka suke, mutum ɗaya ne yake sauya riga. Kuma tare suka bar Windows 7: Chrome 109 na Janairun 2023 shi ne na ƙarshe, Edge ma a 109 ya tsaya. Ke nan Chrome ɗinka ba nauyi kaɗai ne damuwarsa ba, tun 2023 rabonsa da gyaran tsaro.

Ka san abin da ke faruwa idan ta maƙale? Chrome yana ware wa kowane gidan yanar gizo ɓangarensa a RAM, don kada mugun shafi ya leƙa abin da ke cikin wani. A 2018 Google ta tsananta wannan tsari bayan ɓullar matsalar Spectre, wani raunin tsaro da aka gano a furosesa, kuma ita da kanta ta ce zai ƙara cin RAM da kashi 10 zuwa 13 cikin ɗari. A kan 2GB ɗin da Windows ya riga ya ɗebi rabonsa, nan da nan wuri ya ƙare, sai Windows ya fara kwashe kaya zuwa faifan ajiya, wanda saurinsa bai ko kusa da na RAM ba. Ran da ta sake tsayawa, duba 'yar fitilar nan ta faifai a gaban laptop ɗin. Idan ta daina ƙiftawa ta kunnu ɗungurungum, to wannan kwashe-kwashen ake yi.

Pale Moon shi ne mafi sauƙi a cikin ukun, babu gardama. Daga tsohon Firefox aka tsago shi a 2009, yana da injinsa mai suna Goanna, kuma duk tab ɗin da ka buɗe a ɗaki ɗaya yake tara su, shi ya sa ba ya cin RAM sosai. Yana tashi da sauri, kuma idan karatu ne aikinka, jaridu da Wikipedia da shafukan rubutu, za ka ji kamar an sake maka kwamfuta. Matsalarsa daga nan ta fito. Tunda duk a wuri ɗaya suke, shafi ɗaya mai nauyi ya isa ya daskarar da sauran. Ba shi da WebRTC, don haka kiran bidiyo irin na Google Meet ba zai yi ba. Facebook da Google Docs suna jan ƙafa a kai, wasu shafukan kuma a wajen tantance cewa kai mutum ne za su tsare ka, ka yi ta jira. 'Yan ƙare-ƙaren Firefox na yanzu ba sa hawa kansa, sai tsofaffin da aka tanadar masa.

Supermium akasinsa ne. Chromium na zamani ne da aka gyara don ya hau Windows XP da Vista da 7. Kusan duk shafin da sabon Chrome zai buɗe, shi ma zai buɗe. Sai dai nauyin Chrome ɗin yana nan yadda yake, ba abin da aka rage. Ciwon da yake magancewa shi ne "shafin ya ce burauzata ta tsufa", kai kuma naka ciwon ƙarancin RAM ne. Ƙari a kan haka, ba kamfani ne ke riƙe da shi ba, aikin sa-kai ne a GitHub, don haka gyare-gyare kan zo a bayan na Chrome. Wanda ya fi cin moriyarsa shi ne mai XP, wanda Chrome ya yasar tun Chrome 49, Firefox kuma tun Firefox 52.

Firefox ESR 115 yana tsakaninsu. Kada wani ya ce maka ba shi da nauyi, domin tun Firefox 95 a ƙarshen 2021 shi ma yake ware shafuka kamar yadda Chrome ke yi. Abin da ya sa na fifita shi abu ne daban. Ya fito a Yulin 2023 a matsayin na ƙarshe ga Windows 7 da 8.1, Mozilla mai yin Firefox kuma ta ci gaba da turo masa gyaran tsaro bayan su Chrome sun tafi, tana ƙara wa'adin fiye da sau ɗaya. Idan RAM ta kusa cika, yakan kwantar da tab ɗin da ka daɗe ba ka taɓa ba, sai ka koma kansa ya sake tashi. Babban dalilin kuwa uBlock Origin ne. Cikakkensa yana aiki a Firefox, alhali sabon tsarin Google ya kore shi daga Chrome, sai ragaggen. Yawancin nauyin shafin jarida ba labarin ba ne, tallace-tallace ne da bidiyon da ke kunna kansa da manhajojin bin sawu. Da an tare su, fanka za ta lafa, datarka ma ta ƙara kwana. Bambancin da ke tsakanin Firefox mai uBlock da marar shi ya fi wanda ke tsakanin Firefox da Chrome girma.

YouTube kam nasa daban ne, kowace burauza ka sa. Yana turo bidiyo a tsarin VP9 ko AV1, waɗanda aka ƙirƙiro bayan an ƙera kwamfutarka, sai furosesa ta yi ta fama ita kaɗai. Akwai ɗan ƙari mai suna h264ify da ke tilasta masa turo H.264, wanda ya fi sauƙin warwarewa. Sa shi, ka tsaya a 360p ko 480p. Gmail kuma ya rufe sauƙaƙƙen shafinsa na HTML a farkon 2024, don haka idan ka buɗe shi, ka rufe sauran tab.

Ba sai ka ɗauki maganata haka nan ba. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai fito, ka shiga Performance. Buɗe shafuka uku da ka saba a Firefox, ka ga inda Memory ta kai, ka rufe, ka maimaita su a Pale Moon. A Firefox, rubuta about:processes a wajen adireshi zai nuna maka tab ɗin da ya fi ci. Babu laifi ka bar biyun a kwamfutar, Pale Moon na karatu, Firefox na sauran aiki, amma kada ka buɗe su lokaci guda.

Abu ɗaya ne ba zan sassauta ba. Microsoft ta daina gyara Windows 7 tun 14 ga Janairun 2020, kuma babu burauzar da za ta toshe wannan ramin. Harkar banki, da duk inda za ka sa lambar kati, yi a waya.

Idan akwai 'yan canji, kai ta wajen mai gyara, a Kano su Farm Centre ko Beirut Road, ya duba irin RAM ɗin da take ɗauka, DDR2 ko DDR3, a kai ta 4GB, a kuma sauya faifan da SSD, wato faifai mai sauri. Ka dai sani Windows mai 32-bit ba ya ganin 4GB duka, uku da 'yan kai yake tsayawa. Core 2 Duo kuwa tana ɗaukar 64-bit, don haka Lubuntu ko Linux Mint Xfce, waɗanda ake sawa a madadin Windows, za su hau, a can kuma sabon Firefox za ka samu da gyaransa. Kafin ka sauke komai, danna dama a kan Computer, ka shiga Properties, ka ga ko 32-bit ne ko 64-bit, sannan ka ɗauko Firefox ESR ɗin da ya dace daga shafin Mozilla kai tsaye, ba daga filashin wani ba.