Na samo akushi irin na kakata a kasuwar Jakande ta Lekki

Tun bara nake jin labarin wani shagon kayan da a kasuwar sana'ar hannu ta Jakande da ke Lekki, sai ranar Asabar ɗin nan Allah ya yi na je. Daga Agege muka taso ni da ƙanwata tun da safe saboda gosulo, amma duk da haka sai wajen sha biyu muka isa. Duk mai niyya ya yi sammako, kuma in damina ce a sa takalmin da ba a jin tausayinsa don lungun shiga yana riƙe ruwa.

Abun da ya kai ni akushi ne. Kakata a Zariya tana da wani baƙin akushi da take zuba wa kakanmu tuwo, bayan rasuwarta aka raba kayan ɗaki kowa na rububin langa da kular zamani, akushin nan ba wanda ya kalle shi har ya ɓace, wlh har yau abun yana ci min rai.

Shagon ba shi da girma, yana can layin ciki bayan masu zane, mai shi wani dattijo ne Bakano. Ina shiga warin fata ya buge ni, irin wadda aka jeme da bagaruwa ɗin nan, sai na ji kamar ina cikin kasuwar Kurmi ta Kano. Kaya ne har rufi: tandu, zabira, gafaka ta zuba Alƙur'ani, faifai, adudu, ƙwarya mai zanen Fulani, tiren tagulla na Bida da munduwar gilashi ta masagan Bida waɗanda suke narka kwalba su ƙera ta, ga azurfar Buzayen Agadas a ɗan akwatin gilashi, ga wata babbar riga ta saƙi mai aska takwas a rataye wadda aikin hannun da ke jikinta kaɗai ya isa a tsaya kallo.

Na ce Baba akushi nake nema, tsoho. Bai ce komai ba ya ɗauko guda biyu ya ajiye a gabana ya ce 'yata zaɓi tsohon a ciki. Na nuna wanda ya fi baƙi ya fi tsagewa. Sai ya ce wannan ai bai shekara uku ba, turara shi aka yi da hayaƙi aka goga masa mai, wasu ma har binnewa suke yi a ƙasa ya yi watanni don ya fito kamar na kaka da kakanni. Ɗayan ne tsohon. Ya sa na shafa cikinsa, sumul yake ya lotsa ta tsakiya inda hannu ya daɗe yana yankar loma, bayansa kuma ana jin sawun gizagon masassaƙi, bakinsa ya ɗan tsage an ɗinke da waya, kuma maiƙon da ya sha ya shige cikin icen, ko ka goga farin ƙyalle ba abun da zai biyo. Na jabun kuwa ina gogawa ƙyallen ya yi baƙi. Gaskiya a nan mutumin ya shiga raina, don da ya yi shiru da na biya kuɗin tsoho na tafi da sabo ina murna.

Haka na tambaye shi kawunan tagullar Binin da na gani jere a ƙasa, ya ce duk sabon zubi ne daga maƙeran layin Igun a Binin, aiki ne mai kyau amma kar kowa ya ce min na fada ne, na ainihin Turawan Ingila sun kwashe tun 1897. Ya ƙara da cewa dokar hukumar gidajen tarihi ta 1979 ta hana fita da kayan tarihi ƙasar waje ba izini, musamman duk abun da aka yi kafin 1918, shi ya sa shi ba ya taɓa irin su tsofaffin gumakan yumɓu na Nok ko an kawo masa. Masu sayen tsaraba su kai Amurka ko Ingila ku riƙe wannan. Mai son ganin na gaske ya je gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan a Legas, yana nan tun 1957.

Inda ban ji daɗi ba, kayan sun yi cunkoso da yawa, ƙura ta rufe wasu, kuma kun san danshin Legas da fata ba sa shiri, na ga zabira biyu sun fara fumfuna, na faɗa masa ya ce zai shanya. Sannan babu farashi a jikin komai sai ciniki, kuma kuɗin farko da ake faɗa na Turawa ne. Ni dai dubu 45 ya fara ce min muka yi ta ja cikin mutunci har ya sallama a dubu 30, ya yi wa ƙanwata gyaran munduwa ɗaya. Yana karɓar taransifa amma sabis ɗin wajen sai a hankali, a riƙo tsabar kuɗi.

Tukwane kam ba shi da su sosai, na so in samu irin na Gwari mai zane kamar na su Ladi Kwali da ke bayan naira 20, ya ce sai dai ya sa a nemo min daga wajen Suleja. Na bar masa lamba.

Akushin yana falona yanzu, na wanke shi sama-sama na shafa masa man gyaɗa kamar yadda ya ce, ba a jiƙa shi a ruwa. Jiya na tura wa gwaggona hotonsa ta WhatsApp, nan take ta kira ni tana tambaya wai a ina na gano na Inna.