Katunan haɗa ayon na kemistiri: suna koyar da fomula, amma sai an tsaya a kan yaro

Saitin katunan roba ne da ake koyar da haɗa ayon da su (ayon shi ne atam ko gungun atam mai ɗauke da cajin lantarki), na saya ne saboda ƙanwata da take sakandare, rubuta fomula ya sha mata kai. Ja su ne masu caji fositif, shuɗi negatif. Kowane ja yana da haƙora a gefe daidai yawan cajinsa, sodiyam haƙori 1, magniziyam 2, aluminiyam 3, shuɗin kuma ramuka gare su, kulorayid rami 1, oksayid 2, fosfet 3. Aikinka kawai ka yi ta jona su har ya zama babu haƙorin da yake a waje babu ramin da yake a buɗe, sai ka ƙirga katunan ka rubuta fomularka.

Gaskiya a wannan ɓangaren sun burge ni. A makaranta abin da aka koya musu shi ne a ɗauki lambar cajin wannan a kai ƙasan wancan, ta wancan a kawo ƙasan wannan, shi kenan, ba ta san dalili ba, shi ya sa in aka ce magniziyam oksayid sai ta rubuta Mg2O2 kuma ta tsaya kai da fata ai haka doka ta ce. Da katin kuwa tana jona Mg2+ da O2- suka rufe ruf, ɗaya da ɗaya, MgO, babu wanda ya yi mata bayani. Na aluminiyam oksayid ya fi daɗin kallo, ta sa oksayid ɗaya haƙori ya yi saura, ta ƙara wani rami ya yi saura, ta ƙaro aluminiyam, haka dai har ta tsaya a aluminiyam 2 oksayid 3, caji 6 ya kashe 6, Al2O3. Sannan su salfet da haidiroksayid da amoniyam kowanne kati guda aka yi shi, ba a rarraba atam ɗin ba, wannan dabara ce mai kyau don a nan ta gane me ya sa ake sa baka a Ca(OH)2 da (NH4)2SO4, gungun ne gaba ɗaya ake ninkawa. Ƙarfe ma kati biyu suka yi masa, Fe2+ da Fe3+, to FeCl2 da FeCl3 ba su ƙara rikita ta ba.

Ɗan littafin da ya zo a ciki ne bai yi mini ba. Layi biyu kacal a kan yadda ayon yake samuwa, wai atam suna son su cika ilektiron 8 a zagayen waje. So kuma? Sai da na ɗauko takarda na zana mata. Sodiyam furoton 11 ilektiron 11, jerinsu 2, 8, 1, in ɗayan nan na waje ya fita saura 10 a kan furoton 11, caji ya zama +1, jerin ya koma irin na niyon. Kulorin 17 ne, 2, 8, 7, ya karɓi ɗaya ya zama 18 irin na agon, caji -1. Furoton ba ya motsi ko kaɗan, wannan ya kamata a ce an rubuta da manyan baƙi don yara da yawa gani suke fositif na nufin an ƙara wani abu, alhali rasawa aka yi. Kuma maganar so ɗin nan ba ta riƙe ruwa in ka duba lissafin makamashi, cire ilektiron daga sodiyam cin makamashi yake, wajen kilojul 496 a kowane mol (ma'aunin yawan atam a kemistiri), abin da kulorin yake saki in ya karɓa wajen 349 ne, ka ga ai asara ce. Ribar tana zuwa ne lokacin da ayon ɗin suka taru suka jeru suka zama ƙanƙarar gishiri, a nan ake sakin wajen 787. Ban ce a ɗora wa 'yar sakandare lambobin nan duka ba, amma ko jimla ɗaya ce a faɗa mata jan da ke tsakanin caji ne yake riƙe abin.

Wanda ya fi damuna shi ne hoton da katin yake dasawa a kai. Yaro ya jona Na+ da Cl- ya ɗaga su a hannu, sai ya ɗauka gishiri 'yan biyu-biyu ne kowane sodiyam da nasa kulorayid, haƙori cikin rami. Ba haka yake ba sam. A ƙwayar gishiri kowane Na+ kulorayid 6 ne kewaye da shi, kowane Cl- ma sodiyam 6, haka jerin yake tafiya ta kowace fuska, babu wanda za ka nuna ka ce ga abokin wane. NaCl rabo ne kawai, ɗaya bisa ɗaya. Tun 1913 masanin kimiyya Lawrence Bragg da mahaifinsa suka nuna haka da hasken eksire, suka karɓi kyautar Nobel a 1915, amma ga shi har yau ana buga kayan koyo da suke nuna akasin haka ba tare da gargaɗi ba.

Kuma wannan ba tsirfa ba ce, rabin tambayoyin babin ayon a makaranta a kan jerin nan suke tsaye. Me ya sa gishiri sai ya kai digiri 801 a ma'aunin Salshiyas kafin ya narke, magniziyam oksayid kuma wajen 2852? Saboda jan ta ko'ina yake, kuma caji 2 da 2 ya fi 1 da 1 ƙarfi nesa ba kusa ba. Me ya sa in ka buga shi yake farfashewa maimakon ya lanƙwashe? Layi ya goce, masu caji iri ɗaya sun fuskanci juna sun ture juna. Me ya sa busasshe ba ya wuce da lantarki amma narkakke ko wanda aka jiƙa a ruwa yana wucewa? Ayon sun samu damar yawo. Na yi mata waɗannan tambayoyin bayan ta ƙware da katin, fomula tana zubo su tar, amma a nan ta yi shiru, don babu ko ɗaya da kati mai haƙori zai amsa. Girman katunan ma an yi su daidai wa daida, alhali Cl- ya kusa ninka Na+ a faɗi.

Robar tana da ƙwari, ba ta karyewa, sai dai rubutun cajin ƙanana ne kuma ya fara gogewa a katunan da aka fi taɓawa. Kulorayid ɗin sun yi kaɗan, in ka haɗa AlCl3 sai ka wargaza kafin ka yi CaCl2, kuma babu azurfa babu dalma, waɗanda suke yawan fitowa a tambayar abin da yake narkewa a ruwa da wanda ba ya narkewa, sai kwali na yanka na yi su. Duk mai niyyar saya ya haɗa da samfurin jerin gishirin nan na ƙwallaye da sanduna, ko ya sa yaron ya gina da laka mai launi biyu da tsinke, ƙwallo 27 sun isa a ga na tsakiyan da maƙwabtansa 6.