PGP ko S/MIME: wanne ya dace da kai?

Ɗan'uwa, ka ce kana so ka riƙa kulle imel ɗinka kada wani ya karanta a hanya, kuma ka tabbata saƙon da ya iso maka daga wanda ya ce shi ya aiko ne, sai ka rasa wanda za ka ɗauka tsakanin PGP da S/MIME, hanyoyi biyu na kulle imel da sa masa hannu.

Wajen kullewa, hanyarsu ɗaya ce. Kowa na da makullai biyu: na fili, wanda kake raba wa mutane, da na sirri, wanda ba ya barin hannunka. Na filin kamar buɗaɗɗen kwaɗo ne ka miƙa wa mai son rubuto maka, ya danna ya kulle, kai kaɗai ke da abin buɗewa. Sa hannu kuma da makullin sirrinka kake yi, mai karɓa ya tantance da na filinka, ko harafi ɗaya aka sauya a hanya manhajarsa za ta faɗa masa.

Inda suka rabu shi ne: wa zai shaida cewa makullin nan naka ne?

A S/MIME, wani kamfani mai ba da takardar shaida ne ke tsaya maka. Shi zai haɗa adireshinka da makullinka a takarda ɗaya, manhajar mai karɓa kuma ta riga ta amince da kamfanin, don haka da saƙonka ya iso za ta nuna alamar inganci ba tare da ya yi komai ba. Manhajojin imel na Outlook da Apple Mail da shi suke zuwa. Sai dai takardar tana da wa'adi, dole a riƙa sabunta ta, sau da yawa da kuɗi. Ka kuma lura, takardar shaida mai ƙaramin mataki abin da take shaidawa kawai shi ne mai ita yana iya shiga wannan adireshi, ba ta tabbatar da sunansa na gaskiya ba.

PGP kuwa, wanda Phil Zimmermann ya fitar a Amurka a 1991, ba shi da wani babba da ake jiran amincewarsa. Tantancewar a wuyanka take. Kowane makulli yana da zanen yatsansa, jerin haruffa da lambobi, galibi guda 40. Ka kira abokin hulɗarka ta waya, ko ku haɗu ido da ido, ya karanto maka nasa kana dubawa. In sun yi daidai, shi ne. Mutane da yawa suna tsallake wannan mataki, su sauko da makulli daga intanet don kawai sun ga sunan mutum a kai, alhali kowa zai iya ƙirƙirar makulli da sunan kowa. Abin nan yana damuna ƙwarai, domin duk kullewar ta tashi a banza idan ɗan damfara ka kulle wa saƙon. Kuɗi dai babu: GnuPG, manhajar yin PGP wadda Werner Koch ya fara a Jamus a 1997, kyauta ce, kuma tun 2020 manhajar imel ta Thunderbird ta sa OpenPGP, wato buɗaɗɗen tsarin PGP, a cikinta.

Akwai abin da babu ɗayansu da ke ɓoyewa: wa ya aika wa wa, da kuma yaushe. Taken saƙo ma a manhajoji da yawa a fili yake tafiya, kada ka rubuta sirri a can. A 2018 masu bincike sun bayyana wani rauni da ake kira EFAIL wanda ya taɓa ɓangarorin biyu ta hanyar saƙonnin HTML, wato masu tsari irin na shafin intanet, shi ya sa sabunta manhaja ba abin wasa ba ne. Kuma PGP da S/MIME ba sa jin yaren juna, mai PGP ba zai buɗe saƙon S/MIME ba.

Idan ma'aikata ce mai mutane da yawa da sashen kula da kwamfuta, S/MIME ya fi sauƙin gudanarwa. Amma kai da ke hulɗa da mutane kaɗan da ka sani, PGP nake ba ka shawara, ta Thunderbird. Ranar da ka ƙirƙiri makullin, ka ajiye kwafinsa da takardar soke shi (wadda za ka sanar da mutane da ita su daina amfani da shi) a wani wuri daban da kwamfutarka, domin idan makullin sirri ya ɓace, tsofaffin saƙonninka sun kulle ke nan, babu kamfanin da zai buɗe maka su.