Kwangilar kula da ɗakin kwamfuta a makarantun karkarar Jigawa: gyara ya yi, tsaro da saura

Akwai wani ƙaramin kamfani a Dutse da ke karɓar kwangilar kula da ɗakunan kwamfuta na makarantun sakandaren gwamnati a yankin Kiyawa, Jahun da Birnin Kudu. Tsarinsa shi ne makarantun da ke kusa da juna su haɗu a yarjejeniya ɗaya, kowace ta biya kasonta zango-zango, shi kuma ya riƙa turo ma'aikaci sau biyu a zango, ban da kiran gaggawa. Abin da takardar ta ce za a yi abu huɗu ne: kula da sola da batura, gyaran kwamfutoci, haɗa intanet, da kuma tsaron bayanai. A uku na farko aikinsu ya kai kuɗinsa. Na huɗun ne ke da magana, kuma shi ne wanda shugabannin makarantu ba su cika dubawa ba kafin su sa hannu.

Dalilin da ya sa makarantar ƙauye ke buƙatar irin wannan hidima a bayyane yake. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, WAEC ma ta fara jarrabawa ta kwamfuta da masu rubutawa daga waje a 2024. Yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar jarrabawa ya riga ya yi asarar minti goma na farko. Kwamfutocin kuwa akwai su a makarantu da dama, wasu daga gwamnati, wasu daga ɗan majalisa ko ƙungiyar tsofaffin ɗalibai. Abin da babu shi ne mai kula da su bayan an yanke ƙyalle an watse.

Wajen wuta suka fi ƙwarewa. Kafin su taɓa komai sai sun lissafa nauyin ɗakin, abin da masu haɗa sola na kasuwa ba su cika yi ba. Kwamfutar tebur da allonta tana jan kusan wat 120, ta cinya kuma 45 zuwa 65. Ɗaki mai kwamfutar tebur 20 ke nan yana neman wat 2,400 kafin a ƙara fanka, ɗakin da ke da na cinya 20 kuwa bai cika wuce wat 1,300 ba. Abin da aka fi samu a makarantun shi ne inbata mai 5kVA da batura huɗu masu 200Ah da bolt 12 a jere. A takarda wannan ya kai 9.6kWh, amma batirin ruwa ba a zuƙe shi fiye da rabi, in ba haka ba shekara ɗaya ya isa ya mutu. Abin amfani ke nan 4.8kWh, wato awa biyu kacal ga kwamfutocin tebur 20 idan babu rana. Saboda haka suke ba makaranta shawarar ta sa darasin kwamfuta tsakanin ƙarfe tara na safe da biyu na rana, lokacin da allunan sola ke ɗauke da nauyin kai tsaye, a bar batura su huta. Shawara ce da ba ta cin ko kwabo, kuma tana ƙara wa batir rai.

Suna kuma cire firinta mai aiki da leza daga layin inbata, ko su hana kunna ta lokacin darasi, domin a lokacin da take ɗumama kanta tana fizgar wuta da yawa, inbata ta yi ƙara ta ɗauke, aikin yara duka ya tafi. Suna duba ruwan batir kowace ziyara, suna ƙara tataccen ruwa, ba ruwan rijiya ko na leda ba, wanda gishirin cikinsa ke lalata farantan batir. Suna matsar da batura daga ƙarƙashin rufin kwano zuwa wuri mai iska. A watan Afrilu da Mayu zafin Jigawa yana haura digiri 40, kuma batirin ruwa an yi shi ne don digiri 25. Duk ƙarin digiri goma yana rage kusan rabin rayuwarsa. Wanda ya ajiye batura a sito marar taga bai kamata ya zargi mai sayarwa ba.

Abu ɗaya da ba su sa cikin farashi ba, sai an biya daban, shi ne kariya daga tsawa: sandar tagulla da ake binnewa a ƙasa, da na'urar da ke tare wutar da ta yi tsalle. Wannan bai dace a mayar da shi zaɓi ba. Daga Yuni zuwa Satumba, makarantar da ke fili, mai allunan sola a kan rufi da eriya a kan dogon ƙarfe, tana cikin haɗari, kuma tsawa ɗaya tana iya ƙona inbata da rauta, wato na'urar raba intanet, tare. A ƙasa mai yashi irin ta arewacin jihar sanda ɗaya ba ta isa, sai an haɗa biyu ko uku an binne su da zurfi har inda akwai danshi.

Gyaran kwamfutoci ba shi da wani abin ƙorafi. Bayan hunturu suna buɗe kowace na'ura su hure ƙura, su riƙe fankar ciki da yatsa kada iskar ta juya ta fiye da ƙima, su canza man da ke tsakanin ƙwaƙwalwar na'ura da ƙarfen sanyaya ta idan ya bushe. Suna zuwa da ƙananan batura CR2032 a aljihu. Idan wannan batirin ya mutu, agogon kwamfuta yakan koma shekarun baya, shafukan intanet su ƙi buɗewa suna cewa ba su amince da haɗin ba, malami ya ɗauka kutse aka yi masa. Kebul ɗin da ɓera ya ci suna canza shi su sa a cikin bututu, kuma ba sa jan kebul ɗaya ya wuce mita 100.

Intanet ya danganta da gari. Suna gwada layin MTN da na Airtel a harabar makarantar su zaɓi wanda ya fi ƙarfi, su ɗora eriya a sama idan sabis ɗin na da rauni. Starlink, intanet ɗin tauraron ɗan'adam da ya shigo Najeriya a 2023, suna haɗa shi ga mai iya biyan kuɗin wata, amma makarantar da ke dogara da kuɗin gudanarwa da gudummawar iyaye da wuya ta jure. Abin da ya fi amfani shi ne manhajar gwajin jarrabawa da suke sakawa a kwamfuta ɗaya, sauran su ja daga gare ta ta kebul, babu buƙatar data ko kaɗan.

To, sai tsaro. Abin da suke kira tsaro a takardarsu shi ne saka manhajar kashe bairos da sabunta ta. Wannan yana da kyau, amma ba ta nan ɓarna ke shigowa makarantar ƙauye ba. Hanyoyin guda uku ne: filasha, kalmar sirri, da wayar shugaban makaranta.

Filasha ita ce babbar mai yaɗa cuta. Jami'in jarrabawa ya kai sunayen ɗalibai shagon buga takardu a cikin gari, ya dawo da bairos ɗin da ke ɓoye manyan fayiloli ya bar hotonsu na bogi. Wanda ya danna ya ƙara yaɗa shi. A nan kamfanin yana goge cutar, fayiloli su dawo, amma ba ya toshe ƙofar. Abin da ya kamata shi ne a rufe ramukan filasha a kwamfutocin ɗalibai ta cikin saitin Windows, a ware na'ura ɗaya tilo da za a riƙa duba kowace filasha a kanta, kuma a daina barin yara suna shiga da asusun mai cikakken iko. A ɗakunan da suke kula da su, asusun ɗalibi da na mai gyara sau da yawa ɗaya ne, don hakan ya fi wa ma'aikacinsu sauƙi. Aikin raba su bai wuce minti biyar a kowace kwamfuta ba.

Haka kuma rautar da ke ba ɗalibai intanet ita ce ke ba kwamfutar ofis, a layi ɗaya, da kalmar sirri ɗaya da kowa a unguwa ya sani kafin sati ya zagayo. Dalilin ƙarewar data da wuri ke nan. Yawancin rautoci suna da layin baƙi da za a iya buɗewa daban. A sa ɗalibai da malamai a can, a bar kwamfutar ofis ita kaɗai, a kuma canza kalmar shiga rautar da ta zo da ita daga kamfani.

Matsalar da ta fi girma ita ce wa ke riƙe da makulli. Ma'aikacin kamfanin ne ke buɗe wa makaranta imel, kuma sau da yawa da lambar wayarsa yake buɗewa. Shi ya san kalmar sirrin rauta, ta asusun mai iko, har ta shafin da ake ɗora sunayen ɗalibai. Ba mugunta ba ce, gaggawa ce. Amma kamar magini ne ya gama gini ya tafi da makullin a aljihunsa: ranar da ya bar aiki, ko ya yar da layinsa, ko aka saɓa kan biyan kuɗi, makaranta ba ta da hanyar shiga kayanta. Kuma abin da ke ciki ba ƙarami ba ne. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN, don haka kwamfutar ofis tana ɗauke da sunaye, hotuna, ranakun haihuwa da lambobin NIN na yara, yawancinsu ba su kai shekara 18 ba. Dokar kare bayanai ta 2023 ta ɗora nauyin kiyaye su a kan wanda ya tattara, kuma ta ce idan bayanai suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, a sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, cikin awa 72. Yarjejeniyar kamfanin ba ta ambaci wannan ko sau ɗaya ba.

Ajiyar kwafi ma rabin aiki ce. Suna kawo faifan ajiya na waje, su kwafe fayilolin ofis, sannan su bar shi a maƙale jikin kwamfutar. Tsawa, ɓarawo ko bairos mai kulle fayiloli zai tafi da duka biyun. Daidai shi ne faifai biyu ana musanya su duk Juma'a, ɗaya a kulle a wani gini daban, da kwafi na uku a intanet. Kuma sau ɗaya a zango a gwada dawo da fayil daga faifan a gaban jami'in jarrabawa, don ana samun faifan da ya daɗe da mutuwa ba wanda ya sani.

Akwai kuma batun Windows 10, wadda Microsoft ta daina sabunta tsaronta kyauta a ranar 14 ga Oktoban 2025. Tsofaffin kwamfutocin da aka raba wa makarantu da yawansu ba za su ɗauki Windows 11 ba, saboda ba su da sashen tsaro na TPM 2.0. Kamfanin bai kawo wani tsari kan wannan ba. Mafita mai sauƙi ita ce a cire irin waɗannan daga intanet a bar su ga koyon rubutu da gwajin jarrabawa, ko a sa musu manhajar Linux Mint a madadin Windows, sannan a tabbatar kwamfutar ofis ita ce mafi sabunta a makarantar.

Wayar shugaba kuwa ba ta cikin kwangila, alhali ta nan ake yawan cutar mutane. Wani zai kira cikin ladabi, ya ce, "Ranka ya daɗe, akwai taron shugabannin makarantu ta intanet da yamma, an turo maka lamba shida, karanto mini in sa sunanka." Lambar ta WhatsApp ce. Da ya karanta, asusun ya tafi, a fara roƙon malamai da iyaye kuɗi da sunansa. Kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp yana hana wannan, kuma zaman rabin awa da malamai a ɗakin hutu ya isa a yi wa kowa. Kamfanin da ke karɓar kuɗin tsaro ya kamata ya yi wannan zaman a ziyararsa ta farko.

Makarantar da ɗakinta ke rufe saboda batura sun mutu ko ƙura ta toshe na'urori za ta ci ribar wannan kwangila, musamman idan makarantu uku ko huɗu suka haɗu aka raba kuɗin mota. Amma kada a sa hannu a kan takardar yadda suke kawo ta. A ƙara cewa duk imel da asusun da za a buɗe da layin makaranta za a buɗe shi, layin da ke hannun shugaba. Duk kalmar sirri a rubuta ta a ambulan biyu, ɗaya wurin shugaba, ɗaya wurin shugaban kwamitin kula da makaranta. Babu faifan da zai fita harabar don gyara sai an rubuta a littafi. Kariyar tsawa ta shiga farashi. Kuma a ƙayyade kwanakin da za su amsa kiran gaggawa, musamman a makonnin rajistar WAEC da NECO. Kason ƙarshe na kuɗin zango a riƙe shi har sai malamin kwamfuta ya shiga rauta da imel da kansa, ya kuma dawo da fayil ɗaya daga faifan ajiya, ba tare da ya kira kowa a waya ba.