Taya 245/40 R17 a bayan BMW 330Ci: abin da garejin Yamai ke yi daidai da inda suke kuskure

Masu BMW E46 (wani zubi na motocin Série 3), musamman 330Ci mai ƙofa biyu da ake shigowa da ita ta Lome ko Kotonu, sukan nemi a faɗaɗa musu tayoyin baya. Aikin yana da amfani idan an yi shi a kan ƙa'ida, kuma shi kansa kamfanin ya fitar da wasu motocin haka: 225/45 R17 a gaba kan janti mai faɗin inci 7,5, sai 245/40 R17 a baya kan janti 8,5. Wannan haɗin shi ne ma'aunin da za a auna duk wani garejin taya da shi.

Lissafin ba wuya. Lamba ta farko faɗin taya ne a milimita, ta biyu kuma tsayin gefenta, kashi cikin ɗari na faɗin, 17 ɗin da ke R17 kuwa girman janti ne a inci. Taya 225/45 tsayinta gaba ɗaya wajen milimita 634, ita 245/40 kuwa 628. Tazarar kashi ɗaya ce cikin ɗari, ba ta damun mota. A nan ne garejin da yawa ke ɓata aiki. Idan 245/40 ba ta samu ba, sai a ce ai ga 245/45, faɗin ɗaya ne. Faɗin kam ɗaya, amma tsayinta 652, kusan kashi 3 ke nan sama da ta gaba. ABS (na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki) da DSC (mai hana mota zamewa) suna ƙirga juyawar kowace taya ne, to sai su ga baya na tafiya a hankali fiye da gaba, su riƙa shiga aiki ba dalili. Allon gudu ma ya koma nuna ƙasa da abin da yake nunawa a da. A kan 330xi mai jan ƙafa huɗu abin ya fi muni, don akwatin raba ƙarfi tsakanin gaba da baya ne zai sha wahala. Wanda ke son ƙarin faɗi, 255/40 R17 ta fi dacewa, tsayinta 636.

Kuskure na biyu shi ne cusa 245 a tsohuwar janti 7,5. Za ta shiga, mai faci zai buga mata iska ta zauna. Sai dai gefenta ya kumbura kamar tulu, tsakiya ta riga gefe cinyewa, mota kuma ta riƙa lilo a kwana. Ƙarancin abin da 245/40 ke so shi ne inci 8, ita 255/40 kuma 8,5. Jantin da za a saya ta zama mai ƙusa biyar a kan da'ira mai faɗin milimita 120, ramin tsakiya milimita 72,6. Kafin a biya, a ɗaura ɗaya, a sauke mota, mutum biyu su zauna a baya, a duba ko taya na goga a leɓen jikin mota ko ta ciki. Faranti da ake sakawa don tura taya waje yana buƙatar ƙusoshi masu tsawo daidai kaurinsa. Da yawa suna mayar da tsofaffin, zare kaɗan ne ke riƙe da taya.

A tuƙi fa? Kan busasshiyar kwalta, kamar hanyar Doso ko ta Tilaberi, baya ya fi kama ƙasa, tashi daga tsaye ba ya sa taya ihu, fita daga kwana da wuta ya fi natsuwa. Illarsa ita ce gaba ya fi son tafiya miƙe idan an shiga kwana da gudu, abin da ake ji sosai a shataletale. Inda rairayi ya kwanta a kwalta, faɗin ba ya ƙara komai. Da damina kuwa, watan Yuli da Agusta, faffaɗar taya ta fi saurin hawa kan ruwa ta saki ƙasa, balle in zanenta ya sauka ƙasa da milimita 3. Ramuka kuma ba su san tsada ba: gefe mai milimita 98 ba ya kare janti sosai.

Wajen ɗaurawa, garejin da ke da injin ekilibraj (mai daidaita nauyin taya) da na daidaita ƙafafu huɗu shi ya cancanci kuɗinku. E46 tana cin gefen ciki na tayar baya, kuma idan robobin hannun baya sun mutu, sabuwar taya ba za ta yi nisa ba. A canza su tukuna. A ɗaure ƙusoshi da kile mai awo a 120 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri), ba da bututu da tsalle a kai ba. Iska a auna ta da sassafe, bisa takardar da ke manne a bakin ƙofar direba. Zafin Afrilu da Mayu na ɗaga awo da rana, kada a sauke shi.

Tayoyin okaziyo sun fi yawa a kasuwa, kuma girman nan ba kullum ake samun biyu iri ɗaya ba. A karanta lambobi huɗu na ƙarshen DOT, lambar ƙira da ke gefen taya: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Wadda ta haura shekara shida, ko mai tsattsagewa a gefe, a bar ta. A kuma sa a rai cewa musayar tayoyin gaba da na baya ta ƙare tunda girmansu ya bambanta, tayoyin baya biyu za a riƙa saya tare.