Wasiƙa Daga Teksas Kan Sayen Libarba Da Neman Harsashinta

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, ina so in amsa tambayar da ka yi mini a saƙonka na ƙarshe, inda ka ce ka ji wai a Amurka ana sayar da bindiga kamar yadda ake sayar da fartanya a kasuwar ƙauye, kuma kana son sanin ko gaskiya ne ni ma na mallaki guda. Gaskiya ne na mallaka, kuma ba sha'awa ce ta kai ni ba. Ka san na daɗe ina tsaron kanti a wani gidan mai da ke gefen birnin Houston, ni ke rufewa bayan tsakar dare, ni ke kai cinikin banki da safe. A ƙarshen shekarar 2020 aka tare abokin aikina a bakin motarsa aka karɓe abin da ke hannunsa, Allah ya sa ba a taɓa lafiyarsa ba, kuma tun daga ranar na fara bincike kan ƙaramar bindigar da mutum zai iya ɗaurawa a ƙugu a ƙarƙashin riga ba tare da kowa ya sani ba.

Labarin da ka ji yana da ƙamshin gaskiya, amma an ƙara masa gishiri. Wanda zai sayi ƙaramar bindiga a kantin da ke da lasisin gwamnatin tarayya dole ne ya cika shekara 21, ya nuna katin shaida, ya cike wata takarda mai lamba 4473 wadda ke tambayarsa ko an taɓa ɗaure shi kan babban laifi, ko yana shan ƙwaya, ko kotu ta taɓa samunsa da laifin dukan iyali. Daga nan mai kanti zai tura sunansa zuwa hukumar FBI a duba, kuma sau da yawa amsa tana dawowa kafin mutum ya gama zagaya kantin. Baƙo mai takardar zama ta dindindin irina yana da damar saye, amma wanda ya shigo da bizar ziyara ko ta karatu doka ta hana shi, sai a wasu yanayi ƙalilan. Game da ɗauka a jiki kuwa, kowace jiha da tsarinta. A lokacin da na fara, Teksas tana buƙatar lasisi, don haka na zauna aji na kimanin awa biyar, na rubuta jarrabawa, aka ɗauki zanen yatsuna, na harba harsashi 50 a gaban malami daga nisan yadi 3 da 7 da 15, na biya dala 40 ga hukumar jiha. Daga ranar 1 ga Satumba, 2021 an sassauta dokar, an ce wanda ya cika sharuɗɗa zai iya ɗauka ko ba lasisi, amma ni har yanzu ina sabunta nawa, domin wasu jihohi suna amincewa da shi idan na yi tafiya, kuma a wannan ajin ne na koyi wuraren da shiga da makami yake zama laifi.

Na zaɓi libarba, wato mai ganga da ke juyawa, wadda tsofaffin 'yan sandanmu suka sani, na bar fistol mai ma'ajin harsashi a cikin mariƙi wadda yawancin mutanen nan suke ɗauka. Dalilina shi ne sauƙin sarrafawa. Libarba ba ta da wani maɓalli da za a tuna da shi cikin firgici, kuma idan harsashi ɗaya ya ƙi tashi, jan kunama na biyu yana kawo na gaba. Abin da mutum ya rasa shi ne yawa, domin ƙanananta biyar ko shida suke ɗauka, alhali fistol mai girmanta tana iya ɗaukar goma ko fiye.

Inda na fi daɗewa shi ne wajen zaɓen girman harsashi, kuma a nan ne nake so ka ba ni hankalinka. A nan ana kiran harsashi da faɗinsa a ma'aunin inci, shi ya sa za ka ji ana cewa .38 ko .357 ko .44. Wanda ake kira .38 Special da wanda ake kira .357 Magnum faɗinsu ɗaya ne duk da bambancin suna, sai dai kwanson na biyun ya ɗan fi tsawo kuma albarushinsa ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. An tsawaita kwanson ne da gangan tun lokacin da aka fito da shi a 1935, don kada wani ya cusa shi cikin tsohuwar bindigar da ba za ta iya ɗaukar ƙarfinsa ba. Sakamakon haka, libarbar .357 tana cin harsashi iri biyu, nata da na .38, amma ta .38 nata kaɗai take ci. Haka dangantakar take tsakanin .44 Special, wanda ya haura shekara ɗari a kasuwa, da .44 Magnum da ya fito a tsakiyar shekarun 1950.

Ranar da na je kantin, mai sayarwa, wani dattijo mai haƙuri, ya shimfiɗa tabarmar roba a kan gilashi ya jera mini guda huɗu, kuma kowace sai ya buɗe gangarta ya nuna mini babu komai a ciki kafin ya miƙo mini, bakinta yana kallon ƙasa. Akwai Ruger Super Redhawk Alaskan mai cin .44 Magnum, wadda aka ƙera saboda masu shiga dajin da ke da namun daji masu haɗari, nauyinta ya haura kilo ɗaya, kuma da na ɗaga ta na san ba abin yawo da ita a ƙugu awa goma ba ce. Akwai Smith & Wesson mai lamba 69, ita ma .44 Magnum, mai harsashi biyar, wadda ta fi waccan sauƙi amma tana kusan kilo guda. Akwai Ruger SP101 mai cin .357, ƙaramar aba mai kauri, nauyinta kimanin giram 740. Ta huɗu ita ce Charter Arms Bulldog mai cin .44 Special, wadda ake ƙerawa tun 1973, kuma duk da faɗin bakinta nauyinta kimanin giram 600 ne kawai. Ita ce ta shiga raina, domin na ga ta haɗa babban harsashi da rashin nauyi, ga shi kuma farashinta ya fi na sauran sauƙi. Dattijon ya tambaye ni ko na duba inda zan riƙa samun harsashinta, na ce masa zan nema, na biya na tafi da ita da kwali ɗaya da ya rage a kantinsa.

Ashe ba a nan gizo ke saƙar ba. Ka tuna yadda kake yawan faɗa mana cewa kafin mutum ya sayi mota ya fara zuwa Ƙofar Ruwa ya tambayi kayan gyaranta, domin motar da babu kayanta a kasuwa ado ce a ƙofar gida. Wannan magana taka ita ce ta dawo mini a watannin da suka biyo baya. A 2020 da 2021 Amurka ta shiga ƙarancin harsashi mai tsanani: annobar korona da zanga-zanga da zaɓe sun sa miliyoyin mutane sun sayi bindiga a karon farko, kamfanin Remington ya karye har masana'antarsa ta harsashi da ke jihar Akansas ta kusa tsayawa cik kafin wasu su saye ta, kuma tun a 2019 kantunan Walmart suka daina sayar da harsashin ƙananan bindigogi bayan harbin da aka yi a reshensu na El Paso. Masana'antun da ke aiki sun mayar da hankali kan abin da aka fi nema, musamman harsashi mai milimita 9 wanda 'yan sanda da sojoji da yawancin jama'a suke amfani da shi. Na sha fita da sassafe bayan na tashi daga aikin dare, in tarar da layi a ƙofar kantin kayan farauta tun kafin a buɗe, kowa yana jiran motar kaya, an liƙa takarda cewa kwali biyu kawai za a sayar wa mutum guda. Idan aka buɗe, sai a ga mai milimita 9 ya ƙare cikin rabin awa, .38 ya zo jefi-jefi, .44 Special kuwa ko gurbinsa a kan kanta babu. Na yi wata huɗu ina ɗauke da makamin da ban harba shi fiye da sau talatin ba, kuma wannan ya dame ni ƙwarai, domin wanda bai saba da abin da ke ƙugunsa ba haɗari ne ga kansa da ga mutanen da ke kusa da shi.

Ƙarancin ya wuce yanzu, amma bambancin bai gushe ba. Mai milimita 9 yana cikin kowane kanti, kuma dala ɗaya tana sayen uku ko huɗu daga cikin na atisaye. Shi .38 ya ɗan fi shi tsada amma ana samunsa ba wahala. Shi kuwa .44 Special, idan an same shi, ƙwaya ɗaya tana kusan dala guda, kuma sau da yawa sai ta intanet. A Teksas ana iya yin odar harsashi a kawo wa mutum har ƙofar gida, abin da ba ya yiwuwa a Kalifoniya, inda tun 2019 ake bincikar mai saye a kanti kafin a miƙa masa ko kwali ɗaya. Akwai masu tara kwanson da suka harba su sake cika shi a gida da injin hannu, kuma su ne suka fi jin daɗin .44, amma wannan sana'a ce mai buƙatar wuri da lokaci da natsuwa, ni kuma ɗakuna biyu gare ni ga yara.

A ƙarshe na koma wurin dattijon nan, ya karɓi Bulldog ɗin a kan farashin da ya yi ƙasa da abin da na biya, na yi ciko na ɗauki SP101. Ba aibin waccan ba ne, ta yi aikinta duk lokacin da na gwada ta. Yanzu ina atisaye da .38 mai rahusa sau biyu a wata, kuma na gwada cikakken .357 a cikinta na ga abin da ake faɗa gaskiya ne: daga ɗan gajeren baki irin nata ƙarar tana girgiza ƙirji, wuta tana fita kamar walƙiya, tokarin da take yi wa tafin hannu yana sa harbi na biyu ya kauce. Saboda haka abin da nake zubawa idan zan fita shi ne .38 mai ɗan ƙarin ƙarfi, mai ramin kai, wanda aka yi shi don ya buɗe ya tsaya maimakon ya ratsa ya sami wanda ba ruwansa.

Ɗaukarta kullum wani darasi ne dabam. Dole sai da kube mai tauri da ya rufe kunama gaba ɗaya, da ɗamara mai kauri, domin ɗamarar wando ta yau da kullum tana lanƙwashewa. Zafin Houston da gumi ba su bar mutum ya sa kwat ba, kuma gangar libarba ita ce wurin da ke turo riga. Kaftani yana rufe ta sarai, fiye da duk wata rigar Bature, sai dai tsawonsa yana hana hannu isa gare ta da wuri. Ranar Juma'a kuwa ina barinta a akwatin ƙarfe a gida. Dokar jiha ta bar wa kowane wurin ibada ikon hanawa ta hanyar kafa allo a ƙofa, amma ko babu allo, ban ga dacewar in yi ruku'u da sujada cikin sahu da ƙarfe a ƙuguna ba, yaro a bayana yana iya hango shi. Gidan waya da kotu da makaranta da mashaya mai alamar 51 a ƙofa duk haramun ne. Kuma laifi ne a nan a bar bindiga mai harsashi inda yaro ɗan ƙasa da shekara 17 zai iya kaiwa gare ta, idan har ya kai gare ta ɗin, shi ya sa akwatin nan shi ne abu na farko da nake taɓawa idan na shigo, kafin in cire takalmi.

Na san abin da ya sa ka yi tambayar, domin ina jin labarin hanyoyinmu da ƙauyukanmu, kuma raina yana ɓaci. Amma dokarmu ta makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin waɗanda ba a mallaka sai da izinin shugaban ƙasa, bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu tana hannun Sufeto Janar, ta toka kuma tana hannun kwamishinan 'yan sandan jiha. Fitar da bindiga ko harsashi daga nan ba tare da izinin gwamnati ba babban laifi ne mai kai mutum kurkuku a ƙasashen biyu, don haka idan wani daga cikin abokanka ya ce ka roƙe ni in saƙa masa wani abu a cikin kaya, ka ba shi haƙuri tun daga nan. Kada kuma ka ɗauka yawan makami ya sa mutanen nan suna barci da ido biyu rufe, domin fiye da rabin waɗanda bindiga ke kashewa a ƙasar nan kowace shekara su ne suka harbi kansu, kuma yaranmu suna yin atisayen ɓuya a makaranta saboda tsoron mai harbi.

Abin da ya burge ni da gaske shi ne wurin atisaye, inda da dala ashirin ko makamancin haka za a ba mutum layinsa na awa guda, da abin toshe kunne, da jami'in da ke tsaye yana lura da inda kowa ya nuna bakin bindigarsa, har ma a ba shi hayar iri-iri ya gwada kafin ya saya. Da na san da wannan hayar tun farko, da na gwada duka huɗun kafin in fitar da kuɗi. Ranar Asabar mai zuwa zan raka wani ɗan Zinder da ke tuƙa babbar mota, wanda shi ma ya ƙwallafa rai a kan .44, kuma na ce masa kafin mu shiga wurin gwaji za mu fara tsayawa a kantuna uku ya ƙirga da idonsa kwali nawa ne na harsashinta a kan kanta.

Ka gaishe mini da Hajiya da yara duka.

Ƙaninka.